Widdershins: Fashin Baƙi Kan Kalmar Turanci Mai Tafiya a Baibai

Akwai kalmomin Turanci da mutum zai shekara talatin yana karanta jarida, yana sauraron rediyo, yana rubuta takardun ofis, bai taɓa cin karo da su ba, sai ranar da ya zauna da fensir a gaban wasan cike gurbin kalmomi, wanda masu shi ke kira crossword. Ni a nan na gamu da widdershins. Gurbi 11 ne a kwance, matashiyar da aka bayar, wato 'yar maganar da ke nuna kalmar da ake nema, kuma ba ta da tsawo: zagaye saɓanin hannun agogo, a bakin mutanen Sikotilan. Kalmomin da suka gitto daga sama sun ba ni W a gurbin farko, E a na biyar, S a na bakwai, I a na tara, da wata S ɗin a ƙarshe. Na buɗe ƙamus, na samo withershins, na rubuta cikin murna. Sai kalma ta ƙarshe da ke saukowa ta gurbi na uku ta ce ita D take nema, ni kuwa T na sa. Da na koma ƙamus a nutse sai na tarar kalma ɗaya ce mai fuska biyu, ana rubuta ta da DD, ana rubuta ta da TH, kuma duka biyun haruffa 11 ne cif. Daga ranar na shiga bin diddiginta, kuma abin da na samu ya fi amsar wasan nisa ba kusa ba.

Mu fara da yadda ake faɗarta. Nauyin murya yana kan gaɓar farko, kamar ka ce WIDA-shinz, S ɗin ƙarshe tana fita kamar z. A nahawu bayanau ce, wato aikinta ta faɗi yadda aka yi wani aiki, shi ya sa kusan kullum za ka gan ta a bayan aikatau: wane ya yi tafiya widdershins, an zagaye rijiya widdershins, ta motsa tukunya widdershins. Ƙananan ƙamusoshi sukan sallame ka da kalma ɗaya, su ce maka ma'anarta anticlockwise, ko counterclockwise a Turancin Amurka. Ba ƙarya suka yi ba, amma sun ba ka reshe ne suka bar saiwa. Kalmomin nan da ke auna zagaye da hannun agogo sai a ƙarni na 19 suka shigo Turanci, ita kuwa widdershins ta girme su da shekara fiye da 300. Wanda ya fara faɗarta ba agogo yake kallo ba.

Asalinta Jamusanci ne, na tsohon karin arewacin Jamus da ake ciniki da shi a tashoshin jiragen ruwa, inda ake cewa weddersinnes. Garuruwan gabashin Sikotilan irin su Aberdeen da Leith sun daɗe suna fatauci da biranen wancan gaɓar teku, kuma kowa ya san ba kaya kaɗai fatake ke ɗaukowa ba, har da magana. Kalmar gaɓa biyu ce. Ta farko, wedder ko wider, na nufin saɓani ko gaba da abu. Ta biyu kuma, sin, na nufin hanya ko alƙibla. Idan ka haɗa su sai ka sami abin da ya bi saɓanin hanyar da aka saba. Har gobe a Jamusanci akwai widersinnig, wadda ake faɗa wa maganar da ba ta da kai ba ta da gindi. Tsohon Turanci ma yana da tasa wither mai wannan ma'ana ta saɓani, kuma ita ce ta haifar da rubutun nan na TH da ya ruɗe ni. Ragowarta na nan ɓoye cikin kalmomin da ɗan sakandare ya sani, kamar withstand, wato tsayawa gaba da abu, da withhold, wato hana abu fita.

Da Hausa muna da kalmar da ta yi daidai da wannan ma'ana ta asali kamar an auna, ita ce baibai. Yaro ya sa riga a baibai, wane ya fahimci magana a baibai, al'amari ya zo a baibai. Ba hagu ba ce, ba baya ba ce, abu ne dai da aka juya shi saɓanin yadda ya kamata ya zauna. Duk wanda ya riƙe baibai a ransa ba zai ƙara ɓata a kan widdershins ba.

Wuri mafi daɗewa da masana ƙamus suka samo ta a rubuce ma yana tabbatar da haka. A 1513 wani malamin coci ɗan Sikotilan mai suna Gavin Douglas ya kammala fassara doguwar waƙar nan ta Latin da ake kira Aeneid zuwa harshen mutanensa. A inda jarumin waƙar ya ga fatalwar matarsa ya firgita, Douglas ya ce gashin kansa ya tashi widdersyns. Babu zagaye a nan, babu dama babu hagu. Gashi ne da ya saba kwanciya ya mimmiƙe tsaye, abin da mu za mu ce tsigar jikinsa ta tashi. Gashin ya koma baibai ke nan.

To ta yaya baibai ta koma zagaye ta hagu? Amsar tana sama, wajen rana. Birnin Edinbara yana wajen digiri 56 arewa da tsakiyar duniya. Mutumin da ke can bai taɓa ganin rana a tsakar kansa ba, duk shekara ta kudu take ratsawa. Idan ya fuskance ta, gabas na hannun hagunsa, yamma na hannun damansa, don haka kullum ta Allah yana ganin ta taso daga hagu ta gangara dama. A idonsa wannan ita ce hanyar da duniya ta saba bi. Inuwar sandar da ya kafa a ƙasa ma haka take juyawa, da safe tana yamma, da rana tsaka tana arewa, da la'asar ta koma gabas. Da Turawa suka zo ƙera agogo mai hannu, wannan juyi na inuwa suka kwaikwaya, shi ya sa hannun agogon da ke bangon ɗakinka yake bin hanyar da yake bi. Saboda haka idan aka ce mutum ya zagaye wani abu a baibai, ba sai an yi dogon bayani ba, ya bi saɓanin rana ke nan. Akwai kuma abin da ya ƙara ɗaure ma'anar: gaɓar ƙarshe ta kalmar ta yi kama a kunne da sunan rana a bakinsu, har wasu tsofaffin marubuta suka riƙa rubuta ta kamar daga sunan ranar aka ciro ta, alhali ba su haɗa dangi ba.

Kishiyarta ita ce deasil, daga harshen Gelik na mutanen tsaunuka da tsibiran Sikotilan, kuma mai wasan cike gurbi ya kamata ya riƙe su tare kamar Hasan da Husaini. Saiwarta deas ce, wadda ke nufin dama kuma take nufin kudu. Wanda ya yi ko ɗan karatun Larabci zai ji wannan bai zame masa baƙo ba. Ka fuskanci gabas, kudu na damanka, arewa na hagunka. Shi ya sa yamin ta zama dama, ƙasar kudu ta zama Yaman, shimal ta zama hagu, shamal ta zama arewa. Daga saiwar dama aka sami yumnu, wato albarka, daga ɗaya saiwar ta hagu kuma aka sami Sham da shu'umu, wanda mu muka ara muke cewa shu'umi. Mutanen da teku da hamada suka raba, ga shi sun auna duniya da ma'auni iri ɗaya. Mu ma ai ba a bar mu a baya ba wajen ɗora wa hagu laifi, tunda idan tunanin mutum ya karkace mukan ce ya yi bahaguwar fahimta.

Mutanen Sikotilan ba su ɗauki wannan da wasa ba. Martin Martin, wanda ya zaga tsibiran yammacin ƙasar ya buga bayaninsa a 1703, ya ba da labarin yadda masu kwalekwale ke fara juya shi ta hanyar rana kafin su kama hanya, da yadda ake zagaye gida ko gona ko mai jego da jaririnta da wuta ta hannun dama don neman tsari. Idan bin rana neman alheri ne, to saɓa mata neman sharri ne, kuma a nan ne kalmar ta ɗauki baƙin jinin da har yau bai wanke ba. A 1563 majalisar Sikotilan ta kafa dokar da ta yanke hukuncin kisa kan maita, ba a soke ta ba sai 1736. A cikin takardun shari'o'in wancan zamani za ka ga kalmar nan tana fitowa a matsayin hujja: an ga wance ta zagaye gidan maƙwabci saɓanin rana, daga baya saniya ta mutu ko yaro ya kwanta. Yawancin waɗanda aka kashe mata ne, da yawansu talakawa marasa gata. Duk lokacin da na rubuta haruffan nan 11 a takardar wasa sai na tuna cewa akwai zamanin da faɗarsu a gaban alƙali kan iya raba mace da ranta, a kan abin da bai wuce ta bi ta wannan gefen gida maimakon wancan ba. Mu da muka san abin da ƙazafin maita ke yi wa tsohuwa a ƙauye ba sai an fassara mana wannan ba.

Ta hanyar tatsuniya kuma ta shiga kunnen yaran Ingila. A tatsuniyar Childe Rowland, wadda Joseph Jacobs ya sa cikin tarin tatsuniyoyin da ya buga a 1890, 'yan'uwa ne ke wasan ƙwallo kusa da coci. Ƙwallo ta tsallake rufi, 'yar'uwarsu ta zaga ɗaukowa, shiru ba ta dawo ba. Da aka je wajen masani sai ya ce ai ta zaga cocin ne saɓanin rana, shi ya sa sarkin aljanu ya ɗauke ta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda autan ya je ceto ta: sai da shi ma ya zagaye tudun aljanun sau uku ta wannan hanya ta baibai kafin ƙofa ta buɗe masa. Wato a tunaninsu hanyar baibai ita ce mabuɗin duniyar ɓoye, da ita ake faɗawa, da ita ake shiga da gangan. A nan Jacobs ya rubuta ta da D guda ɗaya, widershins, wanda ya mayar da ita haruffa 10. Mai wasa ya ajiye wannan a aljihu. A zamaninmu kuwa marubucin Birtaniya Terry Pratchett ne ya ƙara yaɗa ta, don a jerin littattafansa na Discworld, da ya fara fitarwa a 1983, ya mayar da ita sunan ɗaya daga cikin kusurwoyin duniyar da ya ƙirƙira. Mabiya addinin Wicca ma suna amfani da ita da kishiyarta, wadda su suka fi rubutawa deosil.

Yanzu bari mu tsaya a tsakar gidanmu mu duba, domin a nan ne mai karatu Bahaushe zai ga iyakar kalmar. Ka kafa sanda a fili a Kano, irin yadda malamai ke koya wa almajirai gane zawali. A watan Disamba, cikin hunturu, inuwar za ta yi abin da take yi a Edinbara: yamma da safe, arewa da rana tsaka, gabas da la'asar. Amma Kano tana wajen digiri 12 ne kacal, don haka daga ƙarshe-ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta rana takan haura ta ratsa ta arewa da kanmu. A watan Yuni ka koma wajen sandar nan da azahar, za ka tarar da 'yar gajeriyar inuwa tana nuna kudu. Yamma, kudu, gabas: inuwar ta bi saɓanin hannun agogo. A mafi yawan Afirka ta Kudu da kudancin Ostareliya kuwa haka take yi duk shekara. Ashe cewa bin rana daidai yake da bin agogo gaskiyar mutanen can arewacin duniya ce, ba ta kowa ba. A sararin samaniyarmu rana kanta takan yi wata huɗu tana tafiyar da ɗan Sikotilan zai kira baibai.

Haka ma a titi. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, duk direban da ya shiga shataletale a Kano ko Kaduna ko Sakkwato saɓanin agogo yake zagayawa, haka kuma a Yamai da Damagaram. A Landan akasin haka ake yi. 'Yan tsere a filin wasa ta hagu suke kewayawa, makanike ta hagu yake kwance noti, kai ma ta hagu kake buɗe murfin kwalba. Ita duniyar ma, da za ka leƙo ta daga saman ƙuryar arewa, ta haka take juyawa. Uwa uba kuma ɗawafi: alhaji yana farawa daga Hajarul Aswad, ya bar Ka'aba a hagunsa, ya kewaya sau 7. Idan aka ɗauki hoton daga sama, saɓanin hannun agogo ne. A nan nake so in ja kunnen duk mai rubutu ko fassara zuwa Turanci: kada sha'awar baƙuwar kalma ta sa ka kwatanta ɗawafi da widdershins. A lissafin alƙibla ka yi daidai, amma kalmar tana ɗauke da ƙurar maita da shu'umci ta shekara 400, kuma mai karatu Bature zai ji ƙurar ko da kai ba ka nufe ta ba. Anticlockwise ita ce kalmar da ba ta da gefe, ita ta dace da wurin.

Mu koma kan takardar wasa. Shi wannan wasa wani ɗan Liverpool mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913. Daga nan ya rabu gida biyu. A salon Amurka, irin na New York Times da ta fara nata a 1942, allon ranakun mako gurbi 15 ne a kwance 15 a tsaye, kuma kowane harafi sai kalma biyu sun gitta a kansa. Wannan ya sa masu ƙulla wasan can suka fi son gajerun tsofaffin kalmomi masu yawan wasali, irin su anon da ere. Widdershins da baƙaƙenta takwas ba ta cika samun shiga ba, sai dai idan an gina wasan a kanta. Amma ka lura da wani abu: counterclockwise haruffa 16 ce, ba ta shiga allo mai gurbi 15 ko an matsa ta. Saboda haka a can ta fi zama matashiya fiye da amsa, kuma idan ka gan ta a matsayin matashiya ga gurbi 11, ka san inda aka dosa.

Gidan widdershins na gaskiya shi ne salon Birtaniya, wanda ake kira cryptic, wato mai ƙulli. Jaridar The Times ta Landan ta fara nata wasan a 1930. A nan kusan rabin haruffan kowace kalma ne kawai ke samun mai gitta su, sauran sai ka san kalmar ko ka warware ƙullin. Mafiya tsauri daga cikin irin waɗannan wasanni, kamar wanda ake kira Azed da aka fara bugawa a jaridar Observer a 1972, ƙamus ɗin Chambers suke dogara da shi, shi kuwa asalinsa ɗan Edinbara ne, cike yake da kalmomin Sikotilan da wasu ƙamusoshin suka tsallake. Shi ya sa idan ka ga matashiya ta ambaci Sikotilan, ko wani gari nata kamar Perth ko Glasgow, ko sunan da ake yi musu laƙabi da shi irin Ian ko Jock, to ana raɗa maka ne cewa amsar ba Turancin Landan ba ce.

Matashiya mai ƙulli kashi biyu ce a haɗe, kamar kacici-kacicin da ya zo da amsarsa a ɓoye cikin aljihu. A ɗaya ƙarshen akwai ma'anar kalmar kai tsaye, a ɗayan kuma akwai wasa da haruffanta. Ga misali biyu da ni na ƙulla don nuna yadda abin ke aiki. Na farko: Shrivel leg parts the wrong way round. Kalmar farko tana nufin yanƙwanewa, wadda wata kalmarta ita ce WITHER. Sassan ƙafa kuma SHINS ne, wato ƙwauri. Ka jera su ka sami WITHERSHINS, sauran maganar kuma ita ce ma'anar. Tarkon yana cikin kalmomi huɗun ƙarshe, domin wanda ya saba da wasan ya san ana yawan amfani da irinsu wajen cewa a karanta wata kalma daga ƙarshe zuwa farko, sai ya ɓata lokaci yana juya haruffa alhali ma'anar ce aka miƙa masa a fili. Na biyu: Red wins dish, stirred against the sun. Kalmar stirred, wato an gauraya, umarni ne cewa ka cakuɗa haruffan kalmomi ukun farko. Ƙirga su: 11 ne. Ka jujjuya RED WINS DISH sai WIDDERSHINS ta fito, ragowar kuma ta ce maka saɓanin rana. Ka ga a nan ƙullin da kansa ya raba gardamar DD da TH, tunda D biyu aka ba ka kuma babu T ko ɗaya. A wasan da ba shi da ƙulli kuwa, inda ma'ana kawai aka ba ka, abin yi shi ne ka cike gurabe tara da ba a saɓa a kansu ba, ka bar na uku da na huɗu a buɗe har kalmar da ke saukowa ta faɗa maka wanne ne.

S ɗin ƙarshe ma tana yaudarar mutane. Wanda ya saba da wasan, da ya ga S a gurbin ƙarshe sai zuciyarsa ta tafi ga jam'in suna, ya shiga neman abubuwa masu yawa. Wannan S ɗin ba ta jam'i ba ce. Tsohuwar alama ce da harsunan dangin Jamusanci ke liƙa wa suna don su mayar da shi bayanau, irin wadda ke ƙarshen always da besides da towards da unawares. Ƙa'idar wasan kuma ita ce matashiya da amsa su zama jinsi ɗaya a nahawu, don haka idan matashiyar tana amsa tambayar ta yaya ko ta ina, bayanau ake nema ko da S ta zo a ƙarshe. Siffofin da matashiyar ta fi zuwa da su ba su da yawa: saɓanin agogo, saɓanin rana, ta hanyar da ba daidai ba, ta hanyar da ake camfawa, ko yadda mayu ke rawa. Wani lokaci kuma a ce maka kawai kishiyar deasil.

Ita ma deasil ɗin tana da nata rikicin, wanda ya ma fi na 'yar'uwarta. Haruffa 6 ce, ana rubuta ta deasil ana rubuta ta deosil, bambancin a gurbi na uku, kuma Chambers ya kawo wasu rubuce-rubucen masu haruffa 7 kamar deasoil da deiseal. Dalili shi ne kalmar baki ce ta wani harshe, kowane marubuci ya rubuta ta yadda kunnensa ya ji. Mu da muka ga yadda ake rubuta sunan gari ɗaya Sakkwato a wani wuri Sokoto a wani, mun san yadda hakan ke faruwa.

Saura batun amfani da ita a magana da rubutu. Ba kalmar ofis ba ce, ba ta jarrabawa ba ce, ba kuma ta umarnin aiki ba ce. Idan kana gaya wa mai gyaran famfo ta inda zai murɗa, ko kana rubuta bayanin yadda ake kwance wani inji, ka yi amfani da anticlockwise, don yawancin Turawan ma ba su san widdershins ba, balle wanda Turanci ya zame masa harshe na biyu. Wurinta shi ne labari, waƙa, bayanin tsofaffin al'adu, ko inda marubuci yake so mai karatu ya ji cewa wani abu ya saɓa wa yadda aka saba. Takan zo bayan aikatau, sau da yawa tare da round ko around: they walked widdershins round the well, wato sun kewaye rijiyar saɓanin rana. Ba ta buƙatar a ƙara mata ly a ƙarshe, ba a kuma sa mata to ko in a gaba, ita kaɗai ta wadatar. Jefi-jefi akan mayar da ita sifa a ce a widdershins dance, rawar da ake yi ta hagu. Akwai kuma marubutan da ke komawa da ita ma'anarta ta farko, su ce al'amuran wane sun tafi widdershins, ba zagaye suke nufi ba, suna nufin komai ya zo masa a baibai. Wannan amfani shi ya fi kusa da gashin nan da ya mimmiƙe a fassarar 1513, kuma shi ne wanda ƙananan ƙamusoshi suka fi tsallakewa, don haka idan matashiya ta ce maka kawai contrarily ko in the opposite direction ga gurbi 11 mai farawa da W, kada ka tsaya jiran a ambaci agogo ko rana kafin ka rubuta.